Watandar Jirgin Ƙasa

Ni na taɓa mallakar kashi ɗaya cikin uku na jirgin ƙasa, kuma a Bodinga, garin da ƙarfen dogo bai taɓa ratsawa ba. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya yi mini murmushin da ake yi wa tsofaffi. To, ya yi ta yi. Ina da shaidu biyu, ko da yake ɗaya kawai zan iya kawowa yanzu.

A zamanin mulkin farar hula na biyu ne, ina koyarwa a wata firamare. Mu uku muke zama tun muna samari: ni, da wani mahauci da muke tsokana da Sarkin Fawa alhali ba wanda ya naɗa shi, da wani mai gyaran rediyo ɗan Shagari da muke kira Injiniya. Injiniya ne ya jawo mana. An kira shi gidan wani Bature mai haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Danchadi, wai wata 'yar waya ta tsinke ana so a liƙa. Bai koma gida ba sai da ya biyo ta kasuwa, hula a karkace, yana haki.

"Ku taho ku gani! Wallahi jirgi na, ɗan mitsitsi, kuma shina tahiya da kainai!"

Muka bi shi. A falon Baturen ba kujera ko ɗaya, sai wani makeken teburin katako, a kansa kuwa gari guda. Ga tuddai kore shar, ga gada, ga rami da ya huda dutse, ga tasha da 'yar rumfarta, ga tumaki kamar ƙwayar shinkafa. Dogo ya kewaye su duka ya dawo inda ya faro. Muna tsaye sai wani abu baƙi mai ratsin ruwan lemo ya fito daga ramin, yana jan taragai, ya zo ya tsaya a tasha a hankali kamar mai jin kunyar surukai. Ni malamin makaranta, mai gemu, sai na ji na saki ihu. Sarkin Fawa kuwa da ya shekara yana yi mana tutiya cewa ya taɓa ganin jirgin gaske a Ƙauran Namoda, durƙusawa ya yi ya leƙa cikin ramin, wai yana neman inda direba ya ɓuya.

Baturen dattijo ne, jajir, kuma a bakin leburori ya koyi Hausa, don haka Sakkwatancinsa ya fi nawa kauri. Na yi kuskuren ce masa mutumin Ingila. Ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Malam, zagi na wanga. Ni mutumin ƙasar Ailan na. Waɗanda sunka mulke ku, mu sunka hwara mulka."

Daga ranar muka zama 'yan gida. Duk yammacin da Injiniya ya shigo Bodinga, can muke ƙarewa.

Injuna biyu gare shi. Ya ce masu ƙera irin waɗannan kayan wasa ba su damu da jiragen ƙasarsa ba, wai ba su da kasuwa. Saboda haka ɗayan injin Ingila ne na roba ya saya ya shafe da fentin ƙasarsu. Ba shi da nauyi, ga gardama: a taɓa shi ya ƙi, a ƙara ya zabura ya watsar da taragai a kwana. Muka sa masa suna Jaki. Ɗayan kuwa da hannunsa ya harhaɗa shi daga gutsattsarin tagulla, har kawunan ƙusoshi ya fitar masa, in ka ɗauka sai ka ji shi dam a tafin hannu. Shi ne Bajimi. Baturen ya koya mana cewa ba a gudu ake gane injin kirki ba, a tafiyar hankali ne. Ya kan sa Bajimi ya yi ta rarrafe har sai mun kwanta da kumatu a kan tebur kafin mu yarda ƙafafunsa na juyawa.

Abin da ya fi rikita mu shi ne akwatin. Wani ɗan akwati ne mai maɓallan lamba, sabon yayi a lokacin ko a can Turai. Kowane inji an sa masa wata 'yar ƙwaƙwalwa a ciki, mai gane lambarta. Dogo ɗaya, wuta ɗaya, amma in ka danna ɗaya Bajimi ne zai amsa, Jaki ko gezau. In ka danna biyu sai Jaki ya zabura, Bajimi ya yi kamar bai ji ba. Injiniya ya yi ta zagaya akwatin yana tafa hannu. Sarkin Fawa ya girgiza kai.

"Ko ɗiyana ba su da ladabi haka. In nik kira ɗaya, ko duka su taho ko duka su gudu."

Wata rana na tambayi Baturen ko yakan hau wannan jirgin idan ya je gida. Ya ci gaba da goge dogo da tsumma. Sannan ya ce an rufe layin garinsu tun yana da sauran baƙin gashi, an kwashe ƙarafan, tashar ta zama wurin ajiye ciyawa. A duk duniya, in ji shi, ba inda jirgi ke tsayawa a garinsu sai a wannan falon na Bodinga. Muka yi dariya, domin abin da ban dariya: garin da aka ƙwace wa jirgi ya zo ya sami jirginsa a garin da ba a taɓa bai wa ba. Shi ma ya yi, amma tasa ba ta kai tamu tsawo ba.

Sai tsuke bakin aljihu ya shigo. Sabulu da madara suka zama abin layi, kwangilar rijiyoyi ta tsaya, aka ce Bature ya haɗa kayansa. Akwatinsa ba zai ɗauki gari guda ba. Ya tara mu ya ce ya bar mana jirgin, mu uku, ban da teburin da yake na masu gidan. Bai roƙe mu komai ba sai abu ɗaya.

"Jirgin garinmu ya mutu sau ɗaya. Kar ku bari shi mutu sau biyu."

Muka yi rantsuwa har da dafa ƙirji. Muka raka shi bakin titi, mota ta tashi, kuma kafin ta ɓace mun fara faɗa.

Ni na ce a gidana za a ajiye, ni ne mai ilimin abin. Injiniya ya ce ilimin me, shi ke da ɗan janareta a shago, ni ko fitilar ƙwai sai na aro. Sarkin Fawa ya ce shi ne babba, kuma shi kaɗai ya taɓa ganin jirgin gaske. Muka yi ta yi har masu wucewa suka fara tsayawa. Daga ƙarshe Sarkin Fawa ya naɗe hannun riga.

"Ku dakata. Mi aka yi in mutane sun haɗu bisa sa guda? Watanda aka yi. Ku ba ni wuri."

Wallahi a lokacin mu duka mun ga hikimar abin. Ai ba a taɓa jin an yi rigima bayan watanda ba, tunda kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa da kitsensa. Aka shimfiɗa tabarma. Sarkin Fawa ya tsuguna ya yi aikin da ya gada, kuma ban taɓa ganin adalci irin na ranar ba. Miƙaƙƙun dogo ya kasa uku, lanƙwasassu ya kasa uku, taragai uku. Tasha a nan, gada a can, ramin dutse a ɗayan. Har tumakin sai da ya duba ƙibarsu kafin ya raba. Manyan kuwa sun zo daidai kamar an auna: Bajimi, Jaki, akwati. Kowa ya ba da alamarsa, ni tsinke, Injiniya guntun waya, shi ɗan dutse. Muka tare wata Bafulatana mai nono da ba ta san komai ba, ta jefa su a kan kashin.

Na sami Bajimi! Na yi tsalle har takalmina ya fita. Injiniya, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Akwatin lambobi kuwa, wanda Injiniya ya yi ta mafarkinsa, ya faɗa hannun mahaucin da ko rediyonsa sai matarsa ta kamo masa tasha. Kowa ya ɗaure rabonsa a ɗankwali ya tafi gida yana taƙama.

Sai da na zauna a ɗaki na jera dogona sannan na ga abin da muka yi. Ya tafi ya ɗan lanƙwasa ya ƙare a ƙafar gado. Na ɗora Bajimi, ya tsaya yana kallona. Na tura shi da yatsa, ƙafafunsa suka ƙi juyawa, domin irinsa ba ya motsi sai da wuta, kuma wutar ma sai ta bi ta akwati ta kira lambarsa. Uwargidana ta leƙo ta ce, "Malam, in ya gaji ne a kawo mishi ruwa." A Shagari Injiniya na da wuta ba akwati. A gidan Sarkin Fawa akwati na zaune a kan kwallayen matarsa, an rufa masa ƙyalle, baƙi na zuwa gaishe shi. Nama ana raba shi ya ƙosar da gida uku. Mu mun raba jirgi mun kashe shi, mai shi bai ma gama sauka a ƙasarsu ba.

Girman kai ya riƙe mu 'yan makonni. Ni abin ya fi damuna, don maganar dattijon nan ta ƙi barina in ci tuwo da daɗi. Wata ranar kasuwar Shagari na ɗaure ƙunshina a bayan babur. Ban yi nisa ba na hango Sarkin Fawa a bakin hanya yana jiran mota, wai zai je sayen awaki, ga wani abu mai kusurwa huɗu ya turo masa gaban riga.

"Akuya ta wagga cikin aljihunka, Sarkin Hwawa?"

"Kai kuma littahi na kaka kai ma Injiniya? Matsa in hau."

Injiniya ya hango mu da ƙunshinmu. Ya tashi ya cire ƙyauren shagonsa ɗungurungum ya kwantar a kan benci biyu. Kowa ya kwance rabonsa, muka jona, dogo ya kewayo ya haɗu. Aka ja janareta. Sarkin Fawa ya yi bisimilla ya danna ɗaya da yatsan da ya saba da wuƙa, Bajimi ya motsa. Abin da ya biyo baya ba na manya ba ne. Mun yi rawa. Masu goro suka bar farantansu, wani makiyayi daga Kajiji ya tambayi kuɗin tumakin, wata tsohuwa ta yi guɗa. Jaki ya zabura ya kifar da taragai, aka yi masa tafi shi ma.

Ba wanda ya yarda ya bar rabonsa a can, ai watanda ta riga ta faɗa. Sai ya zama duk ranar kasuwa kowa ya zo da ƙunshinsa da 'yar kwalbar fetur, in an tashi a kwance a sake rabawa. Ko zazzaɓi kake yi dole ka zo, in ba haka ba ka kashe jirgi kuma gari ya san kai ne. Zumuntar da muke yi da baki ta koma ƙafa.

Soja suka karɓi mulki, abubuwa suka ƙara tsanani. Kayan gyaran rediyo suka ɓace daga kasuwa, mutane suka daina kawo gyara, Injiniya ya wuni yana korar ƙuda. Ya sayar da janareta ya ce zai tafi kurmi neman aiki. Kafin ya tafi ya zare 'yan ƙwaƙwalen nan daga cikin injunan, ya mai da injunan masu cin batirin mota. Da ya ga fuskar Sarkin Fawa ta canza don akwatinsa ya rasa aiki, sai ya bi da wayar batirin ta cikin akwatin, ya bar masa maɓalli ɗaya mai aiki. Ya kawo mana rabonsa duka Bodinga, har da Jaki. Muna jonawa muka ga dogo ya ƙi haɗuwa, saura guntu ɗaya lanƙwasasshe. Ya zaro shi daga aljihu ya nuna mana, ya mayar.

"Wanga nawa na. In nib bar muku duka, mi za ku yi da ni? Ku aje min wurina."

Muka yi masa tsiya, muka ce rowa ce ta 'yan Shagari. Ya hau mota yana dariya. Da farko saƙonsa kan zo ta bakin direbobi. Daga baya ya ɗauke, kuma har yau ba wanda ya iya gaya mana ko yana raye.

Kwanakin baya 'yata da ke aikin jinya a Sakkwato ta nuna mini a wayarta yadda masu wannan sha'awa ke yi yanzu a Ailan. Injunansu na da fitilu da ƙugi, da waya ake sarrafa su, an ƙera su daidai da na ƙasarsu ba sai an yi fenti ba. Na kalla har idona ya yi ruwa don daɗi. Ta ce irin guntun dogon nan ba wuya, za ta iya sa a aiko mana. Na ce Allah ya yi mata albarka, ta bari.

Har yanzu muna cire ƙyauren zaurena lokaci-lokaci, ni da Sarkin Fawa. Tsufa ya kama shi, amma ba ya yarda kowa ya taɓa akwatinsa. Ya danna, Bajimi ya bar tasha, ya haye gada, ya shiga rami ya fito, ya rarrafo har bakin giɓin. Nan sai ya saki maɓalli, ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki injin da hannu biyu ya tsallakar da shi, ni kuma in bi da taragai ɗaya bayan ɗaya. Duk zagaye haka muke yi, kuma duk zagaye sai ya ce, "Injiniya, gafara dai, za mu wuce ta wurinka."