Hoton Ƙashin Inna

Shekarar da gero ya ƙone tsaye a gonakinmu na wajen Korgom, lokacin soja ne ke riƙe da ƙasa, Inna ta fara kukan ƙugu. Ni da yayana muka kai ta likita a Tasawa, aka yi mata radiyo, wato hoton ƙashi. Lokotoro ya ɗaga hoton saitin taga, yana nuna wani wuri da biro, yana zuba Faransanci. Yayana kaɗai ya yi lakwal, wato boko, a gidanmu, don haka shi ake wa bayani. Ni dai na ga ƙashin ya yi dishi-dishi kamar karan da gara ta ci, amma me na sani?

Yayana shi ne ɗan farin Inna. Ba ta kiran sunansa, ba ta duban idonsa, balle ta tsare shi da tambaya. Ni ce na ce, "Yaya, me ya ce?"

Ya ce, "Tsufa ne kawai. Lafiyarta lau."

Inna ta sunkuyar da kai, ta yi hamdala.

Bayan wata biyu aka kawo aikin gina madatsar ruwa. Sojoji na raba jar dawa, amma sai wanda ya ɗauki dutse. Kowane kai da awonsa. Yayana ya ce gidanmu mutum uku za su fita: shi, ni, da Inna. Na ce, "Haba Yaya, tsohuwa?" Ya ce ai lokotoro ya wanke ta. Inna ta miƙe. Ta naɗe gammo ta bi mu, don a wurinta musu da ɗan fari abin kunya ne.

Ba ma faɗuwar kirki ta yi ba, wallahi. Tana ɗauke da dutse ƙafa ta ɗan goce a kan tsakuwa, ta zauna daɓas. Na ji ƙarar ƙashin. Da muka juyo ta, ƙafar dama ta gajarce, tafin ya kwanta waje.

A amalanke muka mai da ita Tasawa. Na ɗauko tsohon hoton daga cikin kwallarta, na haɗa. Wannan karon wani lokotoro muka tarar, Bahaushe. Ya jera sabo da tsoho, ya dube mu, ya ce, "Wa ya bari ta ɗauki kaya? Ga wuyan ƙashin cinyar nan ya sirance tun a hoton farko. Duk wanda ya ga wannan sai ya ce kada ta ɗauki ko tulu. Ba a gaya muku ba?"

Na waiga. Yayana na kallon takalminsa.

An gaya mishi, jama'a. Ya sani sarai. Ya kuma san ba za ta taɓa tambayarsa ba, da wannan ya ci mu. Na san yunwa, na san ƴaƴansa na kwana da ruwan zafi a ciki. To ya faɗa mana! Da ni na ɗauki dutsen mutum biyu.

Inna ba ta sake takawa ba. Tana kwance a tabarma aka kawo mu gida, yayana ya zo bakin ƙofa ya durƙusa zai gaishe ta. Tun da aka haife ni "wancan" take ce mishi, ko "mai gidan nan". Ran nan ta ɗago, ta dube shi cikin ido, ta kira sunansa tsaf, yadda take kiran ɗan maƙwabta. Ta ce, "Ja mini ƙofar in ka fita."