Yadda Kwamfuta Ta Durƙusar da Saminu

Duk Hunkuyi babu wanda bai san gaggawar Saminu ɗan Inna Mero ba. An ce ranar da za a haife shi, kafin ungozoma ta lalubo takalminta har ya iso yana tsala kuka, wai an ɓata masa lokaci. Bai taɓa jiran tuwo ya huce ba, shi ya sa har yau harshensa ba ya bambanta miyar kuka da ta kuɓewa. Gaisuwa kuwa a kan mashin yake yin ta. Zai wuce dattawa a inuwa ya watsa musu "sannunku" kamar mai watsa wa kaji tsaba, kafin su amsa ya kai Makarfi.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Kawu Lado, yayan Inna Mero, shugaban masu noman rani na fadamarsu. Shi Kawu in ya fara gaisuwa da hantsi, sai ladan ya raba. Ya sha faɗa cewa yaron da gwiwarsa ba ta san ƙasa ba, ko ajiyar tsintsiya ba zai ba shi ba.

Saminu ya yi karatun lissafi a Zariya, ya dawo babu aiki sai wata tsohuwar kwamfuta. A can ya koyi wani yaren kwamfuta na masu kimiyya, wanda aka ce masa duk duniya babu mai saurinsa. Ba a yi masa ƙarya ba, rabin zancen aka ɓoye. In yaren ya tashi, lissafin shekara guda kafin ƙiftawar ido ya gama. Tashin ne jidali. Duk sanda aka kunna, sai ya zauna yana juya kowane umarni zuwa abin da injin ke ganewa, ɗaya bayan ɗaya, kamar tsohuwa mai tsince tsakuwa a shinkafa. Fuskar kwamfuta baƙa ƙirin, sai wani ɗan ɗigo yana ƙyafta ido. Inna Mero ta taɓa ɗora wake daidai lokacin da ya kunna. Wake ya nuna, an ci, an wanke tukunya, ɗigo yana nan yana ƙyafce.

Ga shi batirin ya daɗe da rasuwa. Da an zare waya, komai ya koma farko. Don haka in ta tashi, Saminu yana tattalinta yadda mata ke tattalin garwashi da damina.

To, mutanen fadamar injin ban-ruwa ɗaya gare su, kuma duk rani sai an yi rigima a kan layi. Mai tumatir ya ce nasa ya fi ƙishi, mai albasa ya rantse an tsallake shi, mai rake ya ɗauko fartanya. Tsohon da ke raba layin ya gaji ya ajiye, ana neman wani. Saminu ya ƙwallafa rai, don shi ne kaɗai aikin da ya taɓa leƙo shi, kuma ya gaji da sunan da 'yan majalisa suka laƙaba masa, Injiniyan Ɗaka. Ya bi gonakin ya auna, ya tsara wa kwamfutar yadda za ta zana taswirar wanda zai sha ruwa yau da wanda zai sha gobe. Inna Mero ta yi ta sintiri gidan yayanta har ya yarda a saurari yaron ranar Juma'a bayan an sauko, a zaurensa, gaban dattawa.

Tun da safe Saminu ya je ya jona kwamfutar a soket ɗin solar zauren, wanda shi ke nan guda ɗaya. Ya kunna, ya zauna yana yi mata fifita har ta farka. Ya gwada, taswira ta fito kamar walƙiya. Ya bar ta a kunne ya tafi masallaci yana taku ɗai-ɗai.

Kafin ya dawo, Malam Ilisha, makanikin injin, ya iso daga Janfalan da waya babu caji. Kawu Lado kuwa ba a kunyata shi a kan baƙo. Ya zare ta ɗan gida ya jona ta baƙo, yana cewa na gida ai ya jira.

Saminu ya shigo ya tarar da zaure cike da manyan riguna, kwamfuta kuma ta yi sanyi kamar randa. Malam Ilisha ya ga yadda fuskar yaron ta koma, ya zare wayarsa da kansa yana ba da haƙuri. Aka sake jonawa, ɗigo ya fara sana'arsa.

"To, ɗan Mero, nuna mana," in ji Kawu. "An ce abin naka ko aljani bai kai shi sauri ba."

Saminu ya san in ya ce a jira, za a jira har la'asar, a watse, a ba wani aikin. Ya dubi ɗigo, ya dubi ƙofa. Sai gwiwoyinsa suka yanke masa shawara, ya zube a gaban Kawu.

"Kawu, barka da Juma'a. Ina gajiya? Ya iyali? Ya ƙafar nan da ke damunka?"

Kawu ya amsa a hankali, yana duban yaron kamar an musanya shi a masallaci. Saminu ya saci kallon kwamfuta, ya ja gwiwa zuwa dattijo na gaba. Ya tambayi wani labarin akuyarsa da ta ɓata bara. Ya yi wa wani ta'aziyyar wansa da ya rasu tun Saminu yana firamare. Ya tambayi Malam Ilisha lafiyar matarsa Madam Selina da yara, da rufin cocinsu, da ramukan hanyar Janfalan. Ya zagaye zauren kaf, ɗigo bai ko gyara zama ba. Sai ya koma kan Kawu ya ɗauko zagaye na biyu, wannan karon har da shanu da surukai. Allah ya taimake shi da wani tsoho mai nauyin kunne, wanda ya ɗauko tarihin ciwon bayansa tun daga jakin da ya kayar da shi yana saurayi. Saminu ya saurara har ƙarshe, yana cewa ayya, gumi yana bin wuyansa.

Kawu Lado ya share ido da hannun riga. Ya ce wa dattawa rabon ruwa aikin haƙuri ne, kuma wanda ya tuna da akuyar bara ba zai manta da gonar ƙarshen layi ba. Kowa ya gyaɗa kai, aka shafa fatiha. Ana shafawa, taswira ta bayyana, kore da shuɗi, gwanin kyau.

"Kawu, ga shi ta fito."

"Bar ta ta huta, ɗan nan. Mun ga abin da muka zo gani."

Ko mutum ɗaya bai leƙa ba, suka tashi alwala.

Tun daga ranar Saminu ke raba ruwa, fartanya kuma ta koma aikinta na noma. Shi yana cewa taswira ce, Kawu yana cewa ladabi ne. Daga baya masu yaren suka fitar da sabo mai tashi da wuri, Saminu ya sa yana murna. A taro na gaba bai gama tambayar ƙafar Kawu ba taswira ta fito, ya yunƙura zai miƙe. Kawu ya dai dube shi, ya dubi sauran dattawan da ke jiran layinsu.

Yanzu in ya kunna, hularsa yake kifawa a fuskar kwamfutar, ya tattare riga ya durƙusa. Gwiwoyinsa sun yi kanta irin ta raƙumi. Akuyar nan kuwa har yau ba a gan ta ba, kuma duk Juma'a sai ya tambaya.