Matar da Take Jera Ƙwaya a Zare

Duk wanda ya taɓa bin layin karɓar magani a ƙaramin asibitin nan na bayan tashar mota ya san Mai Taga, ko yana so ko ba ya so. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tabarau a ƙarshen hanci, muryarta kuwa har bakin ƙofar waje ake jin ta. Shekara talatin ke nan tana bayan tagar. Amma ba a nan ta fara ba. Da tsintsiya ta shigo asibitin tana 'yar shekara goma sha tara, shekarar da mahaifiyarsu ta rasu ta bar mata ƙane ɗan shekara huɗu. Tana shara tana karanta jikin kwalaye, tana damun tsohon mai haɗa magani da tambaya, har ya gaji ya sa aka tura ta kwas don ya huta. Da ta dawo, kujerarsa aka ba ta.

Abin da aka fi saninta da shi zare ne. Akwai wata 'yar farar ƙwaya, firednisolon, ta dangin magungunan da likitoci ke kira sitiroyid. Ana ba da ita idan jiki ya tashi da kumburi: gaɓɓai, huhu, fata, hanji. Aikinta kamar yankan wuƙa yake, sai dai ba a barinta rana ɗaya. Likita zai rubuta shida kullum na mako guda, sannan biyar, sannan huɗu, har a sauko ƙasa. Wata rana, tun Mai Taga tana sabuwa, wata tsohuwa ta dawo mata da takardar likita a naɗe a haɓar zane, ko buɗe ta ba ta yi ba, ta shanye maganin wata guda cikin kwana tara. Daga ranar Mai Taga ta daina zuba ƙwayar nan a leda ɗaya. Sai ta yanka takarda ƙanana, ta ƙunshe na kowace rana daban, ta sa babbar allura ta jera ƙunshin a zare kamar yadda likita ya tsara, ta ɗaura jan ƙyalle a inda za a fara. Kullum da safe bayan an karya sai a cire ɗaya. Ba a tsallake, ba a komawa baya.

Kuma ba ta miƙa zaren sai ta yi huɗubarta. "Ka ji ni da kyau," take cewa. "Jikinka yana yin irin wannan maganin da kansa, a saman ƙodarka. In ka daɗe kana ba shi daga waje sai ya naɗe hannu ya daina. Ranar da ka yanke gaba ɗaya, babu na asibiti, babu na jiki. Ka gane ko in maimaita?" Ko ka ce ka gane sai ta maimaita. Masu layi su yi ta tsaki, ita ko a jikinta. Dubban mutane sun ji wannan bayani daga bakinta. Mutum ɗaya ne bai taɓa jin sa ba, shi ne ƙanen nan da ta goya.

Auta take ce masa har yau, ko da yake ya ba arba'in baya, yana da mata da tagwaye, gari kuma Mai Agogo ya san shi da shi. Rumfarsa 'yar ƙarama ce a ƙarƙashin matakalar wani bene: tebur, fitila, gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, da hantsaki mai bakin allura. Notin da yake ɗaurawa bai kai ƙwayar gero ba. Duk abincin gidansa a kan yatsu goma yake. Da yatsun suka fara kumbura da safe, suna sanƙarewa har ya kasa riƙe cokali, bai gaya wa yayarsa ba. Ya san ta. Za ta mai da shi ɗan goye a gaban matarsa. Sai ya zagaya ya tafi babban asibiti, aka ce amosanin gaɓɓai ne, aka ba shi magani biyu: farar ƙwayar da zai riƙa ragewa, da wani na mako-mako wanda shi ne ainihin maganin ciwon, sai dai yana ɗaukar wata biyu ko uku kafin a ga aikinsa.

To, mai gyaran agogo yana da tasa dokar. In ya sa wa agogo sabon abu bai ga hannu ya motsa ba, cire shi yake yi ya jefa a gwangwani. Farar ƙwaya ta sace masa kumburi cikin kwana biyu. Na mako-mako kuwa ya sha sau uku bai ga komai ba, sai ya yanke masa hukunci, ya jefa shi a gwangwani. Da lokacin rage farar ya zo ya ji yatsu sun fara magana, ya ce ai ba a taɓa agogon da ke tafiya daidai. Ya koma shida, ya samu wani shago da ba a tambayar takarda, ya ci gaba da abinsa har wata takwas.

Dangi kuwa sai murna. "Kai, Mai Agogo, ka murje! Maman Biyu tana ƙoƙari." Shi kuma ya shafa kumatu yana dariya. Mai Taga ta daɗe tana kawar da kai, abin da ba halinta ba, don ba ta so ta yarda da abin da idonta ke gaya mata. Sai wata Asabar da ta je gidansu ya naɗe hannun riga zai wanke hannu. Ta ga fatar damtsensa ta yi siriri, da tabo shuɗi-shuɗi inda ba wanda ya buge shi. Ta dubi fuskar da ta yi zagaye kamar faranti, da tozon da ya fito a bayan wuya, da ƙafafun da suka rame a ƙarƙashin tumbi.

"Auta, me kake sha?"

"Ruwa, Yaya."

"Kada ka raina mini hankali. Maman Biyu, ɗauko mini abin da yake haɗiya da safe."

Da aka kawo ledar, Mai Taga ta manta da shekara talatin na aiki, ta tuna da goyo kawai. Ta wanke shi tas a gaban matarsa da 'ya'yansa. Ta ce guba yake ci, ta ce ƙashinsa zai rube, suga zai kama shi, ido zai yi yana. Ta ce ta yi asarar tarbiyya. Duk abin da ta faɗa a kan maganin akwai gaskiya a ciki, amma abu ɗaya da take gaya wa kowane baƙo a taga, shi ne bai fito daga bakinta ba. Ta yafa mayafi ta fita a fusace, da niyyar in ta huce ta dawo su yi magana. Shi kuma zuciya irin ta gidansu ta ɗebe shi, ya juye ledar gaba ɗaya a masai, ya ce daga yau in ya ƙara sha ba shi ba ne.

Ranar Talata da hantsi Maman Biyu ta shigo asibitin a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. Tun jiya yake amai, ta ce, yau ya miƙe zai fita ya zube a tsakar gida, ga shi can a mota a bakin ƙofa. Mai Taga ba ta tambayi komai ba sai abu ɗaya: yaushe ya sha na ƙarshe? Da ta ji Asabar, ta rufe tagarta a kan layi, karo na farko a rayuwarta, ta tsaya a kan likita tun kafin a sauke shi daga mota. "Wata takwas yana shan shida, ya yanke kwana uku. Ƙanena ne." Likitan bai ɓata lokaci ba. Aka ɗura masa allurar dangin wannan maganin a jijiya, aka rataya ƙarin ruwa. Jininsa da ya yi ƙasa har na'ura na neman rasa shi ya fara hawa a hankali. Ya sha da ƙyar.

Da ya buɗe ido ta jawo kujera. Matar da ba a taɓa jin ta ba wani haƙuri ba ta ce, "Laifina ne, Auta. Na tsorata ka ban gaya maka yadda ake sauka ba. Ka yafe mini." Ya juya fuska bango. Can ya ce, "Yaya, in na bar ta yatsuna za su tafi. In ban bar ta ba ni zan tafi. Me zan ci da yaran nan?" Ta ce ba ɗaya da zai tafi, in dai zai bi ta.

Likita ya tsara saukar a wata tara, ya mayar da na mako-mako. Ita kuma ta ci ɗamara. Kowace Lahadi takan zauna a teburin ɗakinta da almakashi da allura ta jera na kwana bakwai, ba ta taɓa ba shi fiye da haka ba. Ta sa Maman Biyu ta rage gishiri da zaƙi. Ta kafa masa doka cewa ko zazzaɓi ya ji, kafin ya haɗiyi komai ya zo a gaya wa likita, don jikin da ya yi barci ba ya iya ɗaukar ciwo shi kaɗai. Shagon nan da ba a tambayar takarda kuwa, ta je da kanta da farar rigar aikinta. Abin da ta gaya wa mai shi ba na rubutawa ba ne, amma maƙwabtansa sun ji.

Daga shida zuwa uku an sauko lafiya. Kumatu suka fara komawa, har dangin da suka yi murna suka fara tambaya ko lafiya. Rigimar tana tsakanin biyu da ɗaya. A wata na shida ya aiko a kira ta rumfa. Ta same shi da wani tsohon agogon hannu a buɗe, na wani malamin makaranta da zai ba ɗansa ranar Juma'a. Yatsu biyu na dama sun kumbura, hantsakin yana rawa.

"Yaya, ƙara mini biyu. Na kwana uku kawai, in gama wannan."

"A'a."

"Suna cikin jakarki, na sani."

"Suna ciki. Gobe da safe mu je wurin likita, in ya ce a ƙara, da hannuna zan ba ka. Ni ba zan ƙara ba, kai ma ba za ka ƙara ba."

Ya ce ba ta da tausayi. Ya ce tun yana yaro haka take. Maganar ta soke ta, ta haɗiye. Ta ajiye jaka, ta cire tabarau, ta ce ya ba ta gilashin nan na ido ɗaya. Ya dube ta kamar ta zare. Ta ce hannun da ya shekara talatin yana raba ƙwaya gida biyu ba zai kasa ɗan noti ba, shi dai ya faɗi inda za a sa. Haka suka wuni, shi yana ba da umarni, ita tana riƙe da hantsaki. Ya samu damar da ya jima yana nema, ya yi ta yi mata tsawa: "Hagu na ce! Yaya, numfashinki zai hure shi!" Sau huɗu notin yana faɗuwa suna rarrafe a ƙasa suna nema. Da la'asar agogon ya fara tafiya. Washegari likita ya duba yatsun, ya yi wa gaɓa ɗaya allura a cikinta, ya ce a tsaya a kan biyu na mako biyu kafin a ci gaba. Bai ƙara ko rabi ba.

Daga nan aka koma ɗaya da rabi, ɗaya, rabi, sannan rabi yau gobe babu. Maganin mako-mako, wanda aka jefa a gwangwani, shi ne ya riƙe gaɓɓan shiru. A ƙarshen wata na goma, don saukar ta ɗan zarce lissafi, aka ɗebi jininsa da sassafe a ga ko jikin ya farka ya kama aikinsa. Sakamakon zai fito ranar Alhamis. Ranar Mai Taga ta ƙirga ƙwayar wani mutum sau uku, abin da ba ta taɓa yi ba.

Wajen sha ɗaya ta ɗaga kai ta hango shi a layi. Bai zagayo ta ƙofar baya ba kamar yadda ya saba. Yana tsaye tsakanin wata mai goyo da wani dattijo mai tari, yana matsowa da kaɗan-kaɗan, fuskarsa ba ta nuna komai. Mutum bakwai ne a gabansa, kuma sai da ta sallami kowannensu yadda ya kamata, har da maimaici. Da ya iso ta miƙa hannu kamar ba ta san shi ba.

"Takarda."

Ya miƙa. Layi ɗaya ne a jiki, na mako-mako. Ta karanta, ta juya bayan takardar, ta sake juyowa.

"Farar fa?"

"Likita ya ce na gama da ita, Yaya. Ya ce jikin yana yin nasa."

Sai ya zuro hannayensa biyu ta tagar, ya buɗe yatsun, ya dunƙule, ya sake buɗewa. Ta kama su ta bi gaɓa-gaɓa da babban yatsanta tana neman kumburi, ba ta samu ba. Alfahari ya cika ta, hawaye suka gangaro ta ƙarƙashin tabarau. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce a yi sauri mana, mutane na jira.

"Ku jira," in ji Mai Taga, ba ta saki hannun ba. "Ƙanena ne. Ni na raine shi."