Abin da Malam Ya Ɓoye Bayan Dutse

Duk mai sayen man gyaɗa a kasuwar Cadawa ya san Ummuhani, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar nan da ke zama kusa da masu barkono, ba ta kiran ciniki, ba ta ragi. In ka taya mata da raini, dubanka kawai za ta yi, kai da kanka ka ji kunya ka cika. Mutane suna cewa ba ta da magana. Ba ta da magana? Hm! Ba su gan ta gaban kwamfuta ba ne, lokacin da mijinta yake da rai.

'Yar ƙauyen Gidan Sori ce. Ajinta uku a lakol, wato makarantar boko, aka cire ta don ta yi kiwon awakin kakarta, Dija. Aure ya kawo ta Cadawa, gidan Malam Lurwanu, malamin lakol, wani ɗan siriri mai dariya har da riƙe ciki. Allah ya ba su ɗiya ɗaya tal, Fati, daga ita ba wa ba ƙane. Ranar da aka kai Fati ɗakin mijinta a Gazawa, gidan nan ya yi musu girma. Su ci tuwo shiru, su wanke hannu shiru, kowa yana sauraren ƙofa kamar mai jiran baƙo.

A shekarar ne Malam ya sayi tsohuwar kwamfuta ta ɗora wa cinya wajen wani abokin aikinsa, wai don rubuta tambayoyin jarrabawa. Wai! Jarrabawa kam an rubuta sau biyu. A cikinta ya tsinci wani wasan yaƙi: ƙasa ce shimfiɗe da dazuzzuka da duwatsu, kowa da birninsa, ka tara zinariya da itace, ka ɗauki mayaƙa, ka naɗa musu jarumi. Ga maharba, ga bokaye masu jifa da tsawa, ga dawaki masu fiffike, ga wasu macizai da ke aman wuta. Kuma ba wasan gaggawa ba ne. Ka motsa mutanenka, ka gama, sannan abokin karawarka ya motsa nasa, kamar dai dara.

"Malam, da furfurarka?" in ji ta, ranar da ta kama shi yana yi wa wani dodo tsawa.

"'Yar Gidan Sori, zo ki zauna. Mutum biyu ma suna yi."

"Allah ya sauwaƙe. Ni ina da aiki."

Ba a yi mako ba ta zauna. Rubutun da Faransanci yake, ita kuwa Faransancinta bai wuce gaisuwa ba, amma ta haddace hotunan ɗaya bayan ɗaya. Malam ya yi ta cinye ta ba tausayi, yana tafi, yana yi mata waƙa. Ta zaɓi wata maharbiya mai koren mayafi ta sa mata suna Dija. Ranar farko da aka kashe Dija, wallahi Ummuhani ba ta yi miyar kirki ba. Malam ya sha miyar kuka ruwa-ruwa ba gishiri, ya share kwanon tas, don ya san laifinsa.

Sannu a hankali ta gano kanta. Shi mai kutse ne, ita mai haƙuri. Shi ya kwashi kowa ya nufi ƙofar birninta, ita ta lafe a daji ta bar shi ya gaji. Yau ya ci, gobe ta ci, sai suka daina ƙirga. A nan ne za ka ji bakin Ummuhani: "Taho mana, jarumi! Ina macijin naka? Au, ya mutu? Allah ya ba da haƙuri!" Maƙwabta suna jin dariya ta katanga, suna cewa gidan Malam rediyo suke saurare.

Suka yi wa abin tsari. Shi zai yi nasa bayan sallar asuba kafin ya tafi lakol, ya rufe murfin. Ita in ta sauke suyar ƙuli-ƙuli da hantsi, ta wanke hannu da toka da sabulu don kada mai ya ɓata madannai, ta yi nata, ta rufe. In ya dawo da la'asar ya ɗora. Wasa ɗaya sai ya kai su daga shuka har girbi. Kowa gefensa kaɗai yake gani, na ɗan'uwansa duhu ne. Akwai wani ɗan hoto a kusurwa, in aka danna shi gefen wancan ya buɗe, don haka wanda ya gama ba ya taɓa shi, sai mai gefen ya zo ya danna da hannunsa. Kwamfutar tana wuni a ɗakinta, ba mai ganinta sai Allah, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa leƙa masa ba.

Ba wanda ya sani. Ina za ta faɗa? Matar aure, surukar wani, a ji tana jagorantar bokaye da dodanni? Ko Fati ba ta sani ba.

Wata Talata cikin kaka, Malam ya rufe murfin yana murmushi, ya rataya jakarsa.

"Yau kam kwananki ya ƙare. Na ɓoye miki wani abu bayan dutsen nan na gabas. In kin gan shi sai kin riƙe baki."

"Mi ne ne?"

"Ki jira la'asar."

"Cika baki dai," ta ce. Bai karya ba ma, ya ce ya makara.

Da hantsi ta zauna ta yi ta duban dutsen. Ta ja Dija baya, ta tare mashigi da maharba, ta rufe murfin tana dariya ita kaɗai. Kafin azahar aka yi sallama a ƙofar gida. Malam ya yanke jiki ya faɗi gaban allo, da alli a hannunsa. An ɗora shi a mota za a kai shi likita, ba a kai ba.

Allah sarki. Gida ya cika da mata, ta shiga takaba, ta zauna kan tabarma kanta a ƙasa, tana amsa gaisuwa. Kwamfutar tana nan ƙarƙashin gado, taku biyu daga inda take zaune. Abin da ya rage mata na Malam wanda ba ta riga ta gani ba, shi ke nan. Rigunansa ta san su, takardunsa ta san su, muryarsa ta tafi. Amma bayan dutsen nan akwai wani tunani da ya yi dominta da safiyar ranar, yana murmushi, kuma yana nan yadda ya bar shi. Dannawa ɗaya ce. Sai dai ɗakin ba ya rabo da mutane, gwaggonta ma a nan take kwana, kuma mai takaba ta buɗe wasa a ce mi? Ta ce wa ranta, bari mutane su watse.

Bayan sadakar bakwai sai ga Ɗan Azumi, wan Malam, ya zo tattara kayan mamaci don a adana su har ranar rabon gado. Kada ku ɗauka mugu ne. Manomi ne mai tsoron Allah, shi ya goyi Lurwanu bayan rasuwar ubansu, shi ya sayar da ɗan maraƙinsa ya kai shi lakol. Tun ranar rasuwar bai ci abincin kirki ba. Ya tsaya bakin ƙofa, limamin unguwa da wasu dattawa biyu suna bayansa, gwaggo ta miƙo kaya ɗaya ɗaya. Da aka zo kan kwamfutar ya riƙe ta da hannu biyu.

"Na ji malamai suna cewa hotuna da waƙe-waƙen da mutum ya bari a irin waɗannan, in ana kallo, suna bin sa har kabari. Na taɓa shigowa na ga wasu halittu a ciki, ban ji daɗi ba. Zan sa a share abin da bai dace ba." Ya gyara murya. "Ummuhani, akwai wani abu naki a ciki?"

To, ga tambaya, an yi mata ita da mutunci. Kalma ɗaya ta isa. Amma ta yaya? Matar da tun da aka kawo ta ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, ba ta taɓa haɗa ido da wansa ba, ita ce za ta buɗe baki gaban liman ta ce, ni da shi muna wasa kullum, ya ɓoye mini abu, ina so in gani? Wannan ai faɗin so ne ƙiri-ƙiri a gaban manya. Gwaggo tana kallonta. Ga kuma wani tsoro: in da gaske abin yana cutar da shi fa?

"Babu komai, Yaya," ta ce.

Kai! Kunya, kunya! Ni dai har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma na rasa da wa zan yi fushi.

Ta rarrashi kanta. Ai waƙoƙi za a cire, da finafinai. Wa zai kula da wani ɗan hoton garkuwa a gefe, alamar wasan? Da wannan ta rayu makonni. Tana jan carbi tana yi masa addu'a, tunaninta ya zame ya tafi gabas. Maciji ne sabo? Ko ya haƙura ne ya gina birni a ɓoye, shi da ba ya iya haƙuri? Ko kuwa ba komai, tsokana ce irin tasa? Wani lokaci har ta ji murmushi ya zo mata, ta yi sauri ta rufe fuska da mayafi.

Da rabon gado ya matso, ta aika gwaggo ta ce in ba damuwa, a sa kwamfutar cikin rabonta. Aka yi mamaki, ga firji ga keken ɗinki. Wasu suka ce sayarwa za ta yi. Fati ta ce a ba Inna abin da take so.

Ɗan Azumi da kansa ya kawo ta, naɗe cikin sabon ƙyalle. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya tura mata. A karo na farko tun rasuwar, fuskarsa ta ɗan saki.

"Har Maraɗi na kai ta, a kan babur. Na ce wa mai gyaran kada ya bar ko ɗigo. Ina tsaye ya wanke ta tas, ya ce ta koma kamar yau aka ƙera ta. Wannan kaɗai na iya yi masa, Ummuhani. Yanzu na samu barci."

Ta buɗe murfin a gabansa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta danna. Haske ya kawo, shuɗi, fili fetal. Ba garkuwa, ba birni, ba Dija. Ta kai yatsa kusurwar nan ta danna, ta sake dannawa.

"Allah ya saka da alheri, Yaya," ta ce, don haka ake cewa.

Ya amsa, ya yunƙura zai tashi. Sai a lokacin bakinta ya buɗe, da ba shi da sauran amfani. Ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido, hawaye suna sauka kan madannai.

"Yaya, kafin a share, ba ku ga abin da ya ajiye mini bayan dutsen ba?"

Ɗan Azumi ya tsaya rabi a tsaye, hannu ɗaya a gwiwa. Ya dubi kwamfutar, ya dubi matar ƙanensa.

"Wane dutse?"