Ƙishirwar Malam

Aikina a asibitin Turawa dafa fitsari ne. Haka mutanen unguwarmu, Ƙofar Marke, suke faɗa, kuma ba su yi ƙarya ba. Ina cikin 'yan makarantar boko da aka zaɓa a koya musu aikin magani, lokacin Turawa ba su daɗe da zama a Sakkwato ba. Sauran aka ba su wankin gyambo da ɗauri. Ni kuwa Likita ya lura ba ni da surutu, rubutuna kuma ba ya karkata, sai ya sa ni a wani ɗan ɗaki na baya mai taga ɗaya.

Likita Bature ne dogo, yana bincike a kan cututtuka biyu. Ɗaya maƙoƙo. Yakan auna wuyan mutane da zare, ya tambayi rijiyar da suke sha da irin gishirin da suke ci, ni in rubuta. Ɗayar ita ce wadda yake kira ciwon sukari, kuma dominta nake dafa fitsari. Akwai wani ruwan magani shuɗi. Sai in zuba shi a siririyar kwalba, in ɗiga fitsarin majiyyaci ɗigo takwas, in kara a harshen fitila. In ya zauna shuɗi, lafiya lau. In ya koma kore ko rawaya, akwai sukari. In ya yi ja kamar ƙasar gini, abin ya yi nisa.

Ina da rigar aiki dabam, kuma ba na zuwa masallaci sai na yi wanka. Duk da haka nakan ga na kusa da ni a sahu ya ɗan janye gefen rigarsa. Waɗanda muka yi karatun allo tare suka daina kirana cin tuwo a akushi ɗaya. Ba wanda ya zage ni. Na dai saba da tafiya ni kaɗai, in fita ƙofar gari da safe, in dawo bayan La'asar, takarduna a hammata.

Kakata ce kaɗai take faɗa mini a fuska, ita da ta raine ni.

"Ango, tsaya nan bakin ƙofa. Yau na mutum nawa ka dahwa?"

"Na bakwai, amarya."

"Bakwai! Mazan wasu na kawo masu tsire, nawa sai zarni."

"To ki bari in auna miki wuyan nan, in ji ƙanshin ladan."

"Wuyan da kakanka bai auna ba? Tahi can."

Tana da maƙoƙo kamar goruba, tana rufe shi da duwatsun tsakiya, har ta mutu zare bai taɓa shi ba.

Mahaifina malami ne, yana ba da karatu a zaurenmu. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. In yana son wani abu a wurina sai ya gaya wa ƙanensa, Baffa, ko da ina tsugune a gabansa: "A ce wa wancan ya kawo tawada." Ni ma ba na ɗaga ido in dube shi. Wannan ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa ya san haka. Amma ta sa na san bayan rawaninsa fiye da fuskarsa.

A wata bazara na fara lura. Ranakun da ba ni da aiki nakan ga tsakanin Azahar da La'asar sai ya tashi daga karatu sau uku, ya zaga, ya sake alwala. Tulun da ake ajiye masa ba ya kai yamma. Rigunansa suka yi masa yawa. Wata rana na je gyara masa littattafai, na tarar ya sa alama a babin hukuncin mai yoyon fitsari. Na zaga bayan zaure inda yake kama ruwa, na ga kiyashi sun yi baƙi a wurin.

Na san abin da ya kamata a yi. Ɗigo takwas kawai nake bukata. Amma ta yaya ɗan fari zai buɗe baki ya roƙi ubansa wannan? Na yi kwana goma da kwalba wankakkiya a aljihu. Daga bisani na sami Baffa yana gyaran sirdin jakinsa, na yi masa bayani ina kallon ƙasa.

"Kai, wane irin zance na wanga? Na Malam?"

"Baffa, in ciwon ne, akwai abincin da zai bari. Ba wanda zai sani."

Ya juya kwalbar a hannu ya daɗe, sannan ya ce in bar masa. Washegari da safe ya miƙo mini ita a naɗe cikin tsumma.

Na dafa. Shuɗi. Na sake wanke komai, na sake dafawa, na ma gwada ruwan maganin da ɗan sukari don in tabbata bai lalace ba. Ya yi ja nan take. Na koma kan na kwalbar, shuɗi dai. Na yi hamdala ni kaɗai a ɗakin. A hanyar gida na biya kasuwa na sayo zuma mai kyau, farar saƙa, na ba Baffa ya kai wa Malam, tun da rama ce kawai, a ƙara masa ƙarfi. Daga ranar kullum sai an dama masa fura da zuma. Duk abin da na lura da shi a baya na ture shi gefe, na ce kwalba ba ta ƙarya.

Damina ta wuce. Wata Juma'a Malam ya dawo daga ziyarar Hubbare, ƙaya ta soke shi a babban yatsa bai ji ba, sai da wani ɗalibinsa ya ga jini a takalmi. Mako uku ciwon bai kame ba. Na shiga wajen kakata na zauna, na kasa cin abinci.

"Ango, yau ba faɗa?"

"Ƙafar Malam nake tunani. Da ban gwada da hannuna ba, da na rantse ciwon nan ne."

Ta ajiye mazarin da take kaɗi. Ta ce, "Mi ka gwada? Na Baffanka ka dahwa. Ai nan ya shigo yana ta faɗa, wai yaron ga ya haukace, ɗa ya ɗauki fitsarin ubansa ya ratsa gari da shi, ya ɗora ga wuta. Ya ce shi ba ya iya kai wa Yaya wagga magana. Ya ce ai jini guda ne, nashi da na Malam duk ɗaya."

"Kin sani, ba ki gaya mini ba?"

"Ni ma na ɗauka duk ɗaya ne."

Ban nemi Baffa ba. Washegari na jira ɗalibai suka watse, na shiga zaure na durƙusa. Na faɗi komai: ƙishirwar, kiyashin, kwalbar, har zumar da na sayo. Malam bai dube ni ba, yana kallon ƙafarsa da aka naɗe da ganye. Can ya ce, kamar da bango yake magana, "Ɗa ba ya ɗaukar wannan. A sa wa jaki sirdi, ni in tafi wajen Nasaran da kaina."

Haka aka yi. Ya zauna a kan benci cikin talakawa, rawani da alkyabba, ya ba Likita kwalbar hannu da hannu. Likita ya zago ɗakin baya ya miƙo mini, don ba wanda yake wannan aiki sai ni. Ban taɓa gaya wa Malam cewa ni na dafa ba, shi ma bai tambaya ba. Tun kafin ruwan ya tafasa sosai ya yi ja.

Likita ya ce akwai wata allura a ƙasarsu, amma ba ta jure zafinmu, kuma ba ta isowa nan. Abin da ya rage shi ne abinci da wankin ƙafa. A bar zuma, a bar dabino da rake, a rage fura da tuwon shinkafa, a yawaita wake da zogale da nama. Ya roƙi Malam ya riƙa zuwa kowace Talata, domin yana rubuta yadda ciwon yake tafiya.

Hausar Likita ba ta wuce gaisuwa da "ina ciwo" ba, saboda haka ni ne tafinta. Nakan tsaya a tsakaninsu. Malam ya dubi Likita ya yi magana, ni in juya. Da farko amsa kawai yake bayarwa. Daga baya shi ya koma mai tambaya. Ina sukarin yake fitowa, alhali gero ba shi da zaƙi? Me ya sa ƙafa take mutuwa kafin mai ita? Mai wannan ciwo in ya yi azumi, taimakon jikinsa ya yi ko cutarsa? Wata Talata ya ba Likita labarin yadda mahaifinsa ya rasu da irin wannan rama, da yadda shi yana yaro ya riƙa ɗebo masa ruwa daga gulbi. Ban taɓa jin labarin ba. Na juya shi cikin Turancina na makaranta, na bar rabi ban juya ba.

Ƙafar ta kame bayan wata biyu. Ruwan ya sauko daga ja zuwa rawaya, bai taɓa komawa shuɗi ba. Ganinsa ya ragu. Ya yi damina biyu yana zuwa, Baffa yana jan jakin, ya jira a gindin bishiyar bedi bai shiga ba. A gida kuwa ba abin da ya sake, "a ce wa wancan" ne har ƙarshe.

Ya rasu ana yankan gero. Talatar da ta biyo bayan addu'ar bakwai na koma aiki. Likita ya yi mini ta'aziyya da 'yar Hausarsa, ya tambaye ni ko ina son hutu. Na ce a'a. Aka shigo da wata mata daga ƙauye mai maƙoƙo, ya ɗauko zarensa, na tsaya a tsakaninsu na tambaye ta rijiyar da suke sha.