Makaɗa Biyar a Kwando Ɗaya

A ƙauyen su Jagate Pariyar, can a duwatsun Nepal, sunan makaɗa lissafi ne. In kayan kiɗa biyar ne, a ce panche baja. In tara ne, naumati baja, na bikin masu hali. Jagate, tela kuma mai busa algaita, ya ce ya yi zamani a cikin tara, ya tsufa a cikin biyar, yanzu kuwa ba a raɗa wa abin da ya rage suna ba.

Mai tambari ya rasu. Mai kakaki da sauran biyun suna Qatar suna ɗaukar bulo. Kayansu na rataye a bangon Jagate, bisa keken ɗinki. Duk mako yakan shafa wa fatun man shanu, yana yi musu faɗa kamar suna ji.

Wata safiya maƙwabciyarsa Suntali ta leƙo. Za a aurar da jikarta.

"Yaya, za ka yi mana busa."

"Ni da wa? Mutum ɗaya ba biyar ba ne."

"A wurin cin shinkafa ai biyar ne kai."

"Ki ɗauko na'urar kiɗa mana, kamar kowa."

"Na'ura ta san lokacin da amarya za ta tsallake ƙofa? Ni busarka ce ta fitar da ni daga gidanmu. Ita ma ba za ta fita shiru ba."

Ranar bikin ya tsaya gaban bangon ya daɗe. Bai taɓa zuwa biki ya bar kayan kiɗan nan a gida ba. Sai ya zuba su duka a kwando, ya ɗora igiyar kwandon a goshi, ya haura dutse zuwa gidan biki.

Da amarya ta nufo ƙofa, ya sa algaita a baki. Busar rabuwa tana da gurbi, inda mai algaita ke yin shiru tambari ya amsa. Jagate ya zo wurin, ya yi shiru, ya jira. Babu wanda ya amsa. A wannan shirun aka ji kukan yarinyar, Suntali ma ta rufe fuska da mayafi. Ya ja numfashi ya ci gaba, har aka fita da amarya.

Da yamma ya gangaro shi kaɗai. Duk takun da ya yi, tambari da farantan tagulla na kiɗa sai su yi karo a cikin kwandon.

"Sai yanzu kuka ga damar magana?" in ji shi.

Amma ya rage sauri, don kada hanyar ta yi saurin ƙarewa.