Ganyen Yaya Marka da na zubar a Dubai

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar yayata Marka, kuma har yau ban taɓa faɗa wa kowa yadda muka rabu ba. Na kwashe ganyen maganinta na zuba a ledar shara, na kira ta da sunan da ba a kiran wadda ta goya ka, a gaban 'yata, sannan na sa ta a jirgi. Da ana goge yini daga rayuwar mutum, wannan yinin zan goge. Ina rubutun nan ne daga Dubai, inda na shafe sama da shekara ashirin ina ɗaurin kaya a siton masu kago, wato masu aika kaya ƙasashen waje, kuma saura kaɗan in bar garin.

Mu 'ya'yan Maguzawa ne, daga wani ƙauye a kudancin ƙasar Katsina. Ina saurayi gidanmu ya musulunta. Sunana Nomau, aka mayar da ni Abdullahi, na kuma riƙe sabon sunan da hannu biyu saboda na gaji da dariyar da ake mana a kasuwa. Yaya Marka ma ta yi shahada, tana salla, tana azumi, amma ba ta saki abin da uwarmu ta bar mata ba. Ba ta tsinkar ganye sai ta yi wa bishiyar sallama ta zuba ɗan gero a gindinta. Ba ta shanya magani a rana, ta ce rana tana shanye ƙarfinsa ta bar maka dusa. A inuwa take rataye shi, kansa ƙasa, inda iska ke wucewa. Kuma ba ta sa sabuwar kabewa a bakinta sai kaka ta yi, an dafa ta farko an ajiye wa mutanen ɓoye nasu, an yi musu kirari. Shi ne shan kabewa. Uwarmu ta yi, kakarmu ta yi.

Matata ta rasu ta bar mini Safiya tana rarrafe. Yaya Marka ce ta ɗauke ta, ni kuma na bi neman abinci har ya kawo ni nan. Da Safiya ta girma na samo mata aiki a wani shagon gyaran gashi. Ba ta daɗe da zuwa ba ta kama tari da rashin barci, ta rame har wuyanta ya fito. Asibiti sun ba ta magani, amma kullum maganarta ɗaya, Gwaggo. Sai na nemo wa Yaya bizar ziyara.

A lokacin muna zaune a unguwar Muraƙƙabat, a wani filat da aka yanyanka da katako, kowa da lungunsa, kicin ɗaya. Wanda ya kama gidan da sunansa wani ɗan kasuwa ne daga Maraɗi, Alhaji Isufu, mutumin kirki amma mai tsoron hukuma. Yaya ta iso da kuka da kuɓewa da daddawa, a tsakaninsu ta cusa sabara da marke da tazargade. Abin da ta fara tambayata bayan ta leƙa taga shi ne, "Nomau, su a nan yaushe suke damina?" Na ce babu. Ta ce, "To da me suke sanin shekara ta juyo?"

Ta ɗaura igiyoyi daga ƙusa zuwa ƙusa a lungun Safiya. Takan sa a sayo mata ɗanyen ɗoɗɗoya da na'ana'a daga kasuwar kayan miya, ta ɗaure su dami-dami ta rataye. Na farko da ta gwada a baranda zafi ya ƙone shi kafin la'asar, na biyu laimar teku ta sa shi ya yi funfuna. Daga baya ta gano iskar esi, na'urar sanyaya ɗaki. Ta ce, "Wannan akwatin naku ya fi zauren Baba iya shanya, sai dai ba shi da ladabi, ba ya hutawa." Safiya ta fara barci, ta fara ci. Ko ganyen ne, ko maganin asibiti, ko kuwa hannun Gwaggonta a goshinta, Allah ne Masani.

Da lokacin kaka ya yi a gida, na kai su wani babban kanti don Yaya ta ga gari. Muna shiga muka tarar da kabewa tuli guda a bakin ƙofa, an fafe wasu an yi musu idanu da haƙora, an kunna fitila a ciki. Yaran Turawa suna ta guje-guje da baƙaƙen riguna da huluna masu tsini. Yaya ta tsaya cak. Ta kama hannun rigata ta ce, "Kai, Nomau, ashe su ma suna yi? Ka ce mini nan babu!" Na yi dariya na ce wasan yara ne na Turawa. Ta ce, "Wasa? A daidai kaka? Kai dai ba ka san komai ba." Ban ƙara mata bayani ba, ina sauri mu kama jirgin ƙasa. Ita kuwa ta dawo gida da cewa garin da ke jera kabewa a fili ba zai hana tsohuwa dafa tata ba.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci, tun daga matakala na ji turaren wuta. Na tarar da ita a tsakar falon da kowa ke wucewa. Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta ɗora dafaffiyar kabewa a sabuwar ƙwarya, ta jera damman ganyenta kewaye, tana rera kirari a hankali tana kaɗa kai. Safiya na zaune gefenta. Har ta yanka wa matar wani ɗan Gana da ke maƙwabtaka da mu nata rabon a faranti. Alhaji Isufu ya shigo bayana, ya ga abin, fuskarsa ta sauya. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam Audu, mi ne wannan? Nan ba Maraɗi ba ta. Sihiri a garin ga kaso na, daga kaso sai jirgi. In shurɗa, 'yan sandansu, sunka zo, da sunana aka kama gidan. Halas, shi ke nan, ka san abin da za ka yi."

Gaskiya ya faɗa, doka a nan ba ta wasa da abin da ta kira sihiri. Da na durƙusa na ce, "Yaya, mu shiga da shi ciki," da ta tashi. Amma tsoro ya haɗu da tsohuwar kunyar nan ta kasuwar ƙauyenmu. Na ɗauko baƙar leda, na juye ƙwaryar a ciki, na shiga lungun Safiya na tsinke igiyoyin duka. Yaya ta ce, "Nomau, bar na tarin yarinyar." Na ce, "Sunana Abdullahi. Kin zo ki kashe mini aiki da arnancinki, mayya kawai." Ta dube ni ta ce, "Da ruwan wannan ganyen aka yi maka wankan farko." Na sauka na jefa ledar a kwandon shara na bakin titi.

A makon na sauya mata tikiti. A filin jirgi ta rungume Safiya ta daɗe, ni kuma ta ce mini, "Allah ya ba da sa'a, Malam Abdullahi." Tunda aka haife ni ba ta taɓa kirana haka ba. Kafin damina ta zagayo aka bugo mini waya cewa ta kwanta kwana kaɗan ta cika. Ban je ba. Na ce aiki ya yi yawa, kwantena na jira. Gaskiyar ita ce ban iya haɗa ido da waɗanda ta faɗa wa ba, in ma ta faɗa.

Safiya ba ta yi mini rashin kunya ba. Ta dai tattara ta koma unguwar Karama wajen abokan aikinta, gaisuwa ta koma ta waya, wayar ma ta koma ta Salla zuwa Salla. Bara wani direba ɗan garinmu ya nuna mini hotonta a wayarsa. Tana cikin wasu mata, Turawa da Larabawa da 'yan wasu ƙasashe, sun fita sahara sun yi da'ira, sun kunna kyandir, kowace da damin busasshen ganye yana hayaƙi. Ya ce suna fita in wata ya cika, da ranar da dare da yini suka daidaita, da shigowar sanyi. A waya suke koyon abin, a waya suke sayen ganyen, daga wata ƙasa mai nisa ake aiko shi cikin kwali mai kyau. Wasunsu ma da bakinsu suke kiran kansu mayu, suna alfahari. Sunan da na jefi yayata da shi ya kore ta daga garin nan, su kuma sun ɗauke shi kamar sarauta.

Nakan zauna a sito in tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga wannan. Ina jin za ta fara da shinshina ganyen, ta tambayi sunan bishiyar da wanda ya yi mata sallama kafin a tsinka. Za ta yi dariyar masu bikin shigowar sanyi a garin da ba a shuka ba a girbi. Amma ba za ta kore su ba. Za ta ce su matso, ta nuna musu yadda ake ɗaure dami kada cikinsa ya ruɓe. Ni ban ce abin da take yi daidai ne ba, ni Musulmi ne kuma a kan haka nake fatan cikawa. Abin da na sani shi ne ba ta taɓa cutar da kowa ba, kuma ba ta taɓa karɓar ladan magani ya wuce goro ba.

Watan jiya kamfani ya sanar da ni ba za a sabunta mini biza ba, shekaru sun ja. Na ɗauki ƙafa na je Karama ba tare da na sanar ba. Safiya ta buɗe, ta gaishe ni kamar baƙo, ta ba ni kujera. A saman gadonta igiya ce daga bango zuwa bango, damman ganye a rataye kansu ƙasa, daidai inda iskar esi ke bugawa. Na tuna shurɗa, na tuna zan tafi in bar ta ita kaɗai a garin nan. Ban san lokacin da na miƙe hannuna ya nufi igiyar ba.

Ta ce, "Baba, ledar tana kicin, ƙarƙashin famfo. In ɗauko maka?"

Na sauke hannun. Na zauna. Na ce ina jin tsoro ne kada a kama ta. Ta ce, "Na'ana'a ce da ganyen shayi, Baba. Ko su ma sun zama arna?" Sannan ta kawo maganar matan da take bi sahara. Ta ce ita ba ta yarda da rabin abin da matan nan ke faɗa ba, tana zuwa ne don a nan kaɗai take jin ƙanshin da ya yi kama da ɗakin Gwaggo. Ta ce, "Me take faɗa wa bishiya kafin ta tsinka? Na manta, ina ƙarama. Kai ka girma a gidan." Shekara da shekaru ina toshe kunnena in ta fara, ga shi ranar da ake nema a wurina ba ni da ko kalma ɗaya.

Na ce ta yafe mini. Ta ce ba ita na yi wa ba. Ta ce, "In ka koma, ka je inda aka binne ta. Ka tsaya a kanta ka kira ni, in ji kana faɗa mata. Ran nan zan ɗauki wayarka, kuma zan biyo ka gida in ka ce in zo. Kafin nan kada ka wahalar da kanka."

Tun daga ranar nake buga waya gida. Ƙauyenmu ya watse, 'yan bindiga sun tashe shi, mutane sun bazu garuruwa. Dattijon da ya yi wa Yaya salla ya rasu. Wani ya ce a bayan gidanmu aka sa ta kusa da uwarmu, wani ya ce a maƙabartar Musulmi ta bakin rafi, wani ya ce duk wurin ya zama daji, ko soja ba ya shiga. Babu alama, babu dutse. Ina da shekara sittin da 'yan kai, gwiwoyina sun gama aiki a sito, kuma zan shiga dajin nan in Allah ya kai ni, don ba ni da wata 'ya sai Safiya. Ina roƙon duk wanda ya fito daga ƙauyukan Maguzawa na wannan yanki, ya san wata Marka mai magani, doguwa mai tsage a kumatu, ya tambaya mini tsofaffinsa ko akwai wanda ya raka gawarta.

Na auna abin da ya rage na Yaya Marka a duniya, bai da yawa. Sunayen itatuwanta sun tafi da ita, kirarinta ya tafi da ita, ɗakinta ya rushe. Abin da ya saura shi ne yarinyar da ta raina, wadda ta fi ni tausayi kuma ta fi ni riƙon gaskiya, tana neman Gwaggonta a cikin hayaƙin baƙi.

Ku da kuke da tsohuwa a gida mai ɗan ƙullinta da 'yan al'adunta da kuke jin kunya, ban ce ku bi ta ba. In za ku hana ta, ku hana ta a ɗaki, da murya ƙasa, da sunan da kuka saba kiranta. Ku tambaye ta abin da ta sani tun tana iya amsawa. In kuma ta rasu, ku bar duk abin da kuke yi ku je ku ga inda aka sa ta. Ni ban je ba, ga shi yau ina tambayar mutanen da ban sani ba inda yayata take kwance.